Darasi na 9: Cinikin Jitar Bes, Me Ake Biya wa Kuɗi?

Manufofin darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bayyana aikin jitar bes a cikin ƙungiyar makaɗa, da abin da ya bambanta ta da jita ta yau da kullum.
2. Duba jitar bes ta hannu, ya rarrabe aibin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa.
3. Lissafa duk kuɗin da zai kashe kafin sauti ya fito.
4. Sa wa tasa jitar farashin da ya dace idan ya tashi sayarwa.

Muryar da ke ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifika a wurin biki ya san wani sauti mai kauri wanda ƙirji ke riga kunne ji. Wannan sauti shi ne aikin jitar bes. Idan ka hango ta daga nesa sai ka ce jita ce, amma wuyanta ya fi tsawo, kuma tsirkiyoyinta huɗu ne masu kauri maimakon shida. Tsirkiyar da ta fi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, mai bi mata sau 55, ta uku sau 73, siririyar kuma sau 98. Mafi kaurin tsirkiyar jita ta yau da kullum tana yin sau 82, wato ninki biyu na ta bes, shi ya sa muryar bes take zama a ƙasa. Mai kaɗa ta yana tsaye ne tsakanin mai ganga da mawaƙi. Yana bin ƙafar mai ganga wajen lokaci, yana kuma shimfiɗa wa mawaƙi muryar da zai taka. Jama'a ba su cika lura da shi ba sai ranar da ya yi shiru, sannan kowa ya ji waƙar ta zama fayau.

Kafin zuwanta, makaɗan Turai da Amurka suna samun wannan murya ne daga wani ƙaton abin kiɗa na katako mai siffar goge, wanda ya kai tsayin mutum, ana kafa shi a ƙasa a kaɗa shi a tsaye. Ɗaukarsa wahala, kuma ganguna da ƙahoni suna danne shi. Wani mutum mai suna Paul Tutmarc a birnin Siyatil ya ƙera bes mai amfani da lantarki a shekarun 1930, amma bai samu kasuwa ba. Wanda ya samu kasuwar shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda ya fitar da Precision Bass a shekarar 1951, sannan Jazz Bass a 1960 mai siririn wuya. Yawancin jitocin bes da ke rataye a shaguna yau, kowane suna ke jikinsu, kwaikwayon ɗayan biyun nan ne, har da tsawon tsirkiya na inci 34, kimanin santimita 86.

Akwai abin lura a wannan tarihi. Fender bai iya kaɗa jita ba, tunaninsa na mai gyara ne. Ya yi gangar jikin da falankin katako, ya ɗaure wuyan da noti huɗu yadda za a iya kwancewa a sauya, ya sa kayan wutar a inda sukurdireba za ta kai. Abin da aka tsara don ya yi sauƙin ƙerawa, kowace masana'anta mai tsabtar aiki tana iya yin sa da kyau, a Amurka take ko a Indunusiya. Daga nan hujjar wannan darasi ta taso: mai sayen jitar bes yana biyan kuɗi ne don lafiyayyen wuya da kuma amfilifayar da za ta fitar da muryar, sunan da aka rubuta a kan jitar kuwa shi ne na ƙarshe a lissafi.

> AKWATIN KALMOMI NA 1
> Tsirkiya: wayar ƙarfen da ake taɓawa ta ba da sauti.
> Wuya: dogon katakon da hannun hagu ke danna tsirkiya a kansa.
> Firet: 'yan sandunan ƙarfe da aka gitta a kan wuya, kowanne yana ba da murya ɗaya.
> Jaki: ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki. Haka makaɗan goge da garaya ke kiran nasu.
> Fikof: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyi, yana mayar da kaɗawarsu wutar lantarki.

Wuya ne jitar

Tsirkiyoyi huɗun nan, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, wato buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana. Katako kaɗai ba zai jure ba. Saboda haka ake saka wata doguwar sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai noti a baki ɗaya, idan an matse ta sai ta ja wuyan baya ta yi wa tsirkiyoyi turjiya. Lafiyayyen wuya yana da ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba, don tsirkiya ta samu filin kaɗawa. Idan lanƙwasar ta yi yawa, tsirkiyoyi su yi nisa da firet, yatsun mai koyo su yi ciwo har ya aje jitar a ƙarƙashin gado. Idan babu ita ko ta koma baya, tsirkiya ta riƙa gugar firet tana zuza kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani.

Kusan duk sauran aibobin jitar bes na kuɗi kaɗan ne. Fikof da ya mutu ana sauya shi. Maballin ƙara murya mai ƙara idan an murɗa shi ana wanke shi ko a sa sabo, ramin da ake soka waya idan ya yi sako-sako mai gyaran rediyo zai lika shi da dalma cikin minti goma. Fenti da ya goge ba ya taɓa sauti ko kaɗan. Amma wuyan da ya murɗe kamar igiya, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, sandar ciki ba ta gyara shi, domin gaba da baya kawai take ja. Haka sandar da notinta ya cije ko haƙoransa suka lalace, da wuyan da ya tsage a kusa da kai. Waɗannan ukun, gyaransu sabon wuya ne, kuma sau da yawa kuɗin sabon wuya ya kusa kuɗin jitar gaba ɗaya.

Yanayinmu yana ƙara wa wannan magana nauyi. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Jitar da aka saita a Legas, inda iska ke da danshi, idan aka kawo ta Kano ko Damagaram a tsakiyar hunturu, cikin 'yan makonni wuyanta zai motsa, bakin firet ɗin kuma ya fito yana kartar hannu saboda katakon ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba. Damina na sauka ta sake komawa. Wannan ba lalacewa ba ce, abin da aka sa sandar dominsa ke nan. Amma jitar da sandarta ba ta juyawa, a irin wannan ƙasa, rabin shekara kawai za ta yi maka aiki.

> AKWATIN KALMOMI NA 2
> Sandar wuya: ƙarfen da ke cikin wuya, ana matse shi ko a sassauta da makulli don daidaita lanƙwasa. Ba a juya shi fiye da rubu'in zagaye a lokaci ɗaya.
> Tazara: nisan da ke tsakanin tsirkiya da firet.
> Saiti: aikin daidaita sandar wuya, da tsayin jaki, da tsawon kowace tsirkiya.

*Misali na 1.* Wani matashi ya je duba jitar bes ta hannu a gidan mai ita. Ya ɗora gindinta a ƙasa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa tsawon wuyan daga kai kamar yadda kafinta ke duba katako, ya ga gefen biyu sun tafi tare. Ya danna tsirkiya mai kauri a firet na farko da hannun hagu, ya danna ta a na ƙarshe da na dama, ya dubi tsakiya wajen firet na 8. Ya kamata ya ga 'yar kafa kamar kaurin katin gayyata. Abin da ya gani ya fi haka sau uku. Ya ce wa mai jitar, "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni izini in gwada sandar?" Ya sa makulli, notin ya juya lafiya, lanƙwasar ta ragu. Ya auna tazara a firet na 12, ta dawo tsakanin milimita 2 da 3. Ya bi firet ɗin ɗaya bayan ɗaya a kan kowace tsirkiya yana saurare, babu wanda ya mutu. Wannan jita, duk da ta zo da mummunar kama, abin saye ce, kuma tsayin tsirkiyar da ya tarar hujja ce ta neman ragi. Da notin ya ƙi motsi, abin da ya dace ya yi godiya ya kama hanya.

Rabin kayan yana ƙasa

Jitar bes ta lantarki galibi ba ta da kogo kamar gurmi ko garaya. Idan ka kaɗa ta babu wuta, na bakin ƙofa ma ba zai ji ba. Fikof yana fitar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta tura iska. Murya mai kauri tana buƙatar a tura iska mai yawa, don haka lasifikar bes take da faɗi, amfilifayarta kuma take cin ƙarfi. Fender kansa ya gane haka, ya fitar da amfilifayar Bassman a 1952, shekara ɗaya bayan jitar. Da wuraren wasa suka ƙara girma, kamfanin Ampeg ya fito da amfilifayar SVT mai wat 300 a 1969. Mai koyo a ɗaki wat 15 zuwa 30 sun ishe shi. Wanda zai yi wasa kusa da mai ganga kuwa, ƙasa da wat 100 sai dai a ga yatsunsa suna motsi. Sanya bes a ƙaramar amfilifayar jita ta yau da kullum a ƙure murya hanya ce ta yaga lasifika.

Abu biyu ke ƙona amfilifaya a hannun sababbin masu ita. Na farko ƙarfin wuta. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wutar Nijeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 take. Ana rubuta wannan a bayan akwatin kusa da inda wayar wuta ke shiga, kuma karanta shi bai kai daƙiƙa biyar ba. Wadda aka rubuta wa 120 kaɗai tana buƙatar taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi ne zai ba da labari. Na biyu nauyin lasifika, wanda ake aunawa da om. Idan aka haɗa lasifika biyu masu om 8 kowace a gefe da gefe, amfilifaya tana ganin om 4. Biyu masu om 4 su zama om 2, kuma yawancin amfilifayoyi ba su jure ƙasa da 4.

> AKWATIN KALMOMI NA 3
> Wat: ma'aunin ƙarfin da amfilifaya ke iya turawa.
> Bolt: ma'aunin ƙarfin wutar da ke shigowa daga bango ko janareta.
> Om: ma'aunin turjiyar lasifika. Ƙaramar lamba tana nufin amfilifaya za ta fi wahala.

*Misali na 2.* A ɗauka mutum biyu kowanne yana da naira 300,000. Lambobin na koyon lissafi ne, ɗalibi ya sa farashin kasuwarsu a madadinsu. Na farko ya ba da 270,000 ya sayi jita mai babban suna, ya sayi ƙaramar amfilifayar jita da ragowar 30,000. Ba shi da kuɗin saiti, ba shi da na sababbin tsirkiyoyi. Na biyu ya sayi jita ta hannu mai lafiyayyen wuya a kan 150,000, amfilifayar bes 100,000, sababbin tsirkiyoyi 25,000, saiti 15,000, waya mai kyau 10,000. Jimilla 300,000. Na farko ya zuba kashi 90 cikin ɗari a jita, na biyu kashi 50. Ranar wasa, na biyun ne za a ji.

To suna fa, banza ne?

Wani zai ce araha ba ta ado, kuma babban kamfani bai yi suna a banza ba. Akwai gaskiya a ciki. Jita mai tsada yawanci an fi busar da katakonta, an fi goge firet ɗinta, kunnuwan ɗaure tsirkiyarta sun fi riƙo. Sai dai tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai matsakaicin kuɗi ta ragu ƙwarai tun da injuna masu aiki da kwamfuta suka karɓi yankan katako. Kamfanin Fender da kansa ya amsa wannan a 1982, lokacin da ya fara sayar da irin zanensa da sunan Squier, ƙirar Japan, don ya yi gogayya da masu kwaikwayonsa da suka iya aiki. Yau Yamaha da Ibanez da Cort da Squier suna yin jitocin da ake hawa dandamali da su. Ga kuma wata matsala: suna shi ne abu mafi sauƙin jabu. Tambarin da ke kan jita 'yar takarda ce da ake mannawa a shafa mata fenti, kuma ana manna ta a kan jitocin da ba su taɓa ganin Amurka ba. Wanda ya biya kuɗin suna bai duba lambar da aka buga a jikin jitar ba, bai kuma nuna wa masani ba, yana iya biyan kuɗin doki ya koma gida da jaki.

Wani kuma zai ce mai suna ta fi riƙe daraja idan an tashi sayarwa, har a ba da misalin tsofaffin Fender da ake saye da maƙudan daloli. Waɗannan galibi ƙirar kafin 1965 ne, shekarar da kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma masu tara kayan tarihi ne ke rububinsu. Kasuwarsu daban, kamar yadda kasuwar tsohon takobin sarauta ta bambanta da ta wuƙar yankan nama. Ga mai koyo, jita ta hannu da aka saya a farashi mai kyau ta riga ta yi faɗuwarta a hannun mai ita na farko, don haka asararsa ba ta da yawa ko wane suna ke jikinta.

Masu karatun tarihin kiɗa suna iya kawo James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Ditiroit a shekarun 1960. An san shi da tsofaffin tsirkiyoyin da ba ya sauyawa, da tazara mai tsawo da ke gagarar wasu makaɗa. Ashe ke nan saiti ba dole ba ne? Jamerson ya fito ne daga ƙaton bes na katako, yatsunsa sun riga sun yi ƙarfi, kuma ya zaɓi wannan tazara da saninsa. Mai koyo bai zaɓa ba, ya tarar ne, kuma ba zai san cewa jitar ce ke ba shi wahala ba, zai ɗauka shi ne bai da baiwa.

Tambaya ta ƙarshe ta fi kusa da gida: shin ana ma buƙatar jitar bes a nan? Yawancin waƙoƙin finafinan Hausa da fiyano ake haɗa su a situdiyo, kuma fiyano tana fitar da muryar bes. Wanda aikinsa ke nan ba ya buƙatar wannan ciniki. Inda ake kiɗa kai tsaye ne jitar ke da gurbi, kamar ƙungiyoyin mawaƙan coci a Jos da Kaduna, da makaɗan jita na Agadas, da ƙungiyoyi irin su Tal National a Yamai, domin yatsa a kan tsirkiya yana iya ja da sassautawa tare da mai ganga a lokacin da abin ke faruwa.

Idan kai ne mai sayarwa

Abin da mai saye mai hankali zai duba, shi mai sayarwa zai fara gyarawa. Ya goge jitar, ya sa a yi mata saiti, ya tanadi amfilifaya don a gwada, tunda ba a cinikin biri a sama. Ya faɗi aibin da ya sani tun kafin a taya, domin aibin da mai saye ya gano da kansa ya fi cin farashi, ga kuma zubar da mutunci. Rasit ɗin saye da lambar jikin jitar suna da amfani ga ɓangare biyu, saboda kayan kiɗa suna cikin abin da ɓarayi ke so. Jitar bes ƙirar Höfner da fitaccen mawaƙi Paul McCartney ya saya a Hambug a 1961 an sace ta a 1972, ba a sanar da dawowarta hannunsa ba sai a 2024. Wanda aka kawo wa jita mai tsada a kuɗin da bai kai rabi ba, babu rasit, mai ita kuma yana sauri, ya san abin da yake saye.

*Misali na 3.* Mutum na biyu a misalin baya ya yi shekara biyu da jitarsa ta 150,000, ya ba dillali. An taya 120,000 ya ce albarka, aka kai 140,000 ya sallama. La'adar dillali kashi 5 cikin ɗari, wato 7,000, saura 133,000 a hannunsa. Ya yi asarar 17,000 a wata 24, kimanin naira 708 a wata, wanda za a iya ɗauka kuɗin haya ne. Sai dai a kula da wani tarko. Jitoci kayan shigowa ne, farashinsu yana bin dala. Ko da ya sayar a kan 180,000 yana murnar ribar 30,000, idan irinta a kasuwa ta koma 250,000, kuɗin da ke hannunsa ba za su maye masa gurbinta ba. Kafin ya yanke farashi, ya tambayi nawa ake sayar da irinta a wannan makon.

Tambayoyin bita

1. Sau nawa tsirkiya mafi kauri ta jitar bes take kaɗawa a daƙiƙa, kuma yaya wannan yake idan an kwatanta da ta jita ta yau da kullum?
2. Me ya sa zanen da Leo Fender ya yi a 1951 ya yi sauƙin kwaikwayo?
3. Kawo aibobi uku na jitar bes masu sauƙin gyara, da uku da ya kamata su hana ka saye.
4. Bayyana yadda za ka duba lanƙwasar wuya da hannuwanka biyu kawai.
5. Me ke faruwa da wuyan jitar da aka kawo daga Legas zuwa Kano a lokacin hunturu?
6. An rubuta bolt 120 a bayan wata amfilifaya. Me za ka yi kafin ka jona ta?
7. Amfilifayarka ba ta jure ƙasa da om 4. Za ka iya haɗa mata lasifika biyu masu om 4 gefe da gefe? Nuna lissafinka.
8. Kana da naira 400,000. Raba su tsakanin jita, amfilifaya, tsirkiyoyi, saiti da waya, ka faɗi kashi nawa cikin ɗari kowanne ya ci da dalilinka.
9. An sayar da jita a kan naira 220,000, la'adar dillali kashi 5 cikin ɗari. Nawa mai ita zai karɓa?
10. A tattauna a aji: a wane hali ne biyan kuɗin babban suna zai zama daidai?